Dokar Labari Mai Daɗi

Katin asibiti. Kwalin maganin hawan jini, saura ƙwaya kaɗan a ciki. Gorar ruwa. Tabarau. Lema. Mai a tanki, ɗan abin da ba za a ce babu ba. Da su na fito ke nan. Babu waya a aljihu, babu jarida a kujera, rediyon motar ma tuni maman yara ta sa makanike ya zare mata waya.

Ina tuƙi ina ɗan kaɗa kai. Rabon da in fita cikin nishaɗi irin wannan har na manta. Na san an buɗe sabuwar gada, saboda haka asibiti ya matso kusa. Na san wahalar mai ta ƙare. Na san an daidaita da likitoci har suna godiya. Duk na sani, mai karatu, domin a ɗakina aka faɗa mini, ina kishingiɗe.

Na sha kwana na nufi gada.

Allo na fara gani. Ƙato ne, fenti sabo, da hoton Mai Girma Uban Almakashi yana murmushi yana nuna can gaba da yatsa. Na bi yatsan da kallo. Ginshiƙi biyu ne a tsaye cikin rafi, ƙarafa sun yi cirko-cirko a kansu kamar gashin wanda aka tasa daga barci. Tsakaninsu iska. A bakin ruwa ga ramukan da aka kafa rumfar taro, ga wani jan ƙyalle da aka yanka, rabinsa na ɗaure a turke yana kaɗawa.

Wata dattijuwa na wanki a gindin ginshiƙi. Na sauke gilashi.

"Sannu da aiki, Inna. Ina gadar?"

"Ga ta nan kana kallo."

"An ce an buɗe ta."

"An buɗe ta mana, da idona na gani. Har lemo aka raba." Ta matse zane ta shanya a kan wani ƙarfe. "Ginawar ce dai ba a kai ga yi ba."

To ni karatun gina gada na yi. Shekaru na kwashe a wata ƙasa mai nisa, inda sanyi ke shiga ƙashi, ina koyon yadda siminti ke ɗaukar nauyi. Na dawo na tarar ba a neman irina, sai na koma gyaran injin ruwa da rubuta wannan shafi a jarida. A unguwa Bature ake ce mini, don ina zuwa taro a kan lokaci in zauna ni da kujeru. Saboda haka na ƙare wa ginshiƙan kallo irin na mai sana'a, kuma dole in yaba. A can inda na yi karatu sai an gama gada tukuna ake buɗe ta, shi ya sa suke ɓata lokaci. Namu manyan sun gano gajeriyar hanya.

Na juya mota na kama tsohuwar hanya mai zagaye. Ban yi nisa ba fitilar mai ta kama.

Bari in koma baya, kada ku ce Bature ya zautu.

Ina da wa, shi nake bi. Yaya mutum ne da rediyo ba ta barin kunnensa. Ya ji na safe, ya ji na rana, ya ji na yamma, sannan ya ji maimaici, duk yana musu da mai karantawa kamar sun haɗa gado. Wata rana da hantsi ana hira da wani babba kan dalilin rashin wuta, Yaya ya miƙe zai ba shi amsa. Ya ɗaga hannu. Hannun bai sauko daidai ba. Yanzu ɓarinsa na dama ba ya motsi, matarsa ke ba shi abinci a baki. Magana ɗaya ta rage masa da ke fita sarai, ita ce "ƙarya ne", kuma da ita yake amsa gaisuwa.

In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Na je asibiti aka gwada ni. Likita ya ɗaura mini abin awo a damtse, ya matsa, ya duba, ya kwance, ya mayar ɗaya hannun. Sai ya cire tabarau. Likita in ya cire tabarau, gyara zama.

"Me kake ci?"

Na faɗa masa.

"Me kake sha?"

Na faɗa masa.

"Me kake ji?"

"Ciwon kai, wani lokaci wuya."

"Da kunne nake nufi."

Na lissafa masa. Rediyo tun kafin in wanke fuska. Jarida da shayi. Waya a hannu har banɗaki. Ga zauren tsofaffin ɗalibai a wayar, inda kowa ke turo abin da zai hana ɗan'uwansa cin abinci. Na ce, "Aikina ne, likita. Rubutu nake yi a jarida."

Ya ce, "Yayanka ma ya ɗauka aikinsa ne." Ya rubuta magani. "Ka huta da labarai. Ka sha wannan. Ka dawo kafin kwalin ya ƙare, in bai sauka ba mu canza. Hanyar da kake kai na san inda take ɓullewa."

Kuskuren da na yi, da maman yara na tafi. Duk a kunnenta.

Kafin in cire takalmi an yi juyin mulki a gidana, ba a zubar da jini ba. Waya ta shiga jakarta. Rediyo ta shiga akwatin kayanta, ƙarƙashin zannuwa, aka sa kwaɗo. Talabijin aka lulluɓe shi da mayafi kamar mai zazzaɓi. Mai kawo jarida aka ce masa ya gaida gida. Na ce, "Haba, maman yara, ko a kurkuku ana barin mutum da taga." Ta ce, "Ka je ka duba matar Yaya, ka ga yadda ta rame, sannan ka dawo ka yi mini maganar taga."

Sai dai waya ake kullewa a jaka, maƙwabta ba sa shiga. Da aka ji Bature ba lafiya, aka fara zuwa dubiya. Kan gaba shi ne telan da shagonsa ke kallon ƙofarmu, wanda kekensa da rediyonsa tare suke tashi tare suke kwanciya. Sunansa na yanka ya ɓace tuntuni. Ka-ji-ko ake ce masa, don da haka yake buɗe kowace magana, har ta'aziyya.

Ya shigo da tef ɗin awo rataye a wuya, ya zauna bakin kujera.

"Bature, ya jiki? Allah ya ƙara sauƙi. Ka ji ko? An ce jiya da..."

"Tela, tsaya nan."

Maman yara ce a bakin ƙofa da ludayi a hannu.

"Labarin nan mai daɗi ne ko mara daɗi?"

"Ai uwar gida, labari labari ne."

"A shagonka. A nan gidan doka ɗaya ce. Mai shigowa da labari ya shigo da mai daɗi. Mara daɗi a cire shi a waje tare da takalmi."

Ka-ji-ko ya buɗe baki, ya rufe. Ya sake buɗewa, ya sake rufewa, kamar kifin da aka tsamo. Ya tambayi jikina sau na biyu. Ya yaba labule. Ya ce bari ya je, ya bar riga a keke. Na tausaya masa, don na ga mutum yana fita da kayan da ya zo saukewa.

Washegari ya dawo fuska cike da fara'a.

"Ka ji ko? Mai Girma ya ce wahalar mai ta zama tarihi!"

Ya waiwaya ya dubi bakin ƙofa. Maman yara ta gyaɗa kai. Labari ya samu izinin shiga.

Daga nan aka gane hanya. Duk mai zuwa dubiya sai ya tsaya ya tace labaran ranar kafin ya yi sallama. Ina so ku fahimce ni, babu wanda ya yi mini ƙarya. Mutanen kirki ne, abin da suka ji suke kawowa. Sun dai laluba labarai tun daga sama har ƙasa suna neman mai daɗi, ba su same shi ko'ina ba sai a bakin manya. Abin da ya faru, duk an bar shi a waje da takalma. Abin da wani babba ya tsaya gaban lasifika ya faɗa, shi ke shigowa ya zauna kusa da ni.

Ni kuwa na sha daɗi. Na ji Alhaji Nan-Gaba-Kaɗan ya ce an gano bakin zaren wuta. Na ji Ranka-ya-daɗe Sarkin Kwamiti ya kafa kwamitin da zai binciki abin da ya hana kwamitin farko zama, kuma wannan karon an saya musu kujeru masu juyawa. Na ji an sayo sababbin motoci jeri guda domin manya su zagaya su gano dalilin da ya sa talaka ke tafiya a ƙasa. Na ji an tura tawaga ƙasar waje ta koyo yadda ake rage tafiye-tafiye. Na ji gada. Na ji likitoci.

Sau ɗaya na yi tambaya. Muna zaune ana fifita da kwali, gumi na bin wuyan kowa, na ce, "To in an gano bakin zaren, ina wutar?" Ka-ji-ko ya dubi ƙofa, ya dubi ludayi, ya ce, "Gwaji ake yi." Na karɓa. Jiki in ya samu hutu, hankali ma sai ya nemi nasa rabon. Na yi barci irin wanda rabona da shi tun ina ɗalibi. Har kumatu na yi.

A cikin wannan hali na rubuta shafin da ya gabata, wanda na ce a riƙa yi wa manya adalci. Masu karatu da yawa sun aiko suna tambaya nawa aka saye ni. Ba a saye ni ba. Kyauta aka same ni.

Da safiyar da zan koma asibiti na ɗauki makullin mota. Maman yara ta ce, "Baban yara, da ka hau ta haya."

"Don me? Ga gada, ga mai ya wadata."

Ta buɗe baki. Ta rufe. Dokarta ta kama ta. Sai ta miƙo mini lema ta ce Allah ya tsare.

To mun dawo kan hanya, fitilar mai na kallona ina kallonta.

Wutsiyar wani layin motoci na fara tararwa, kansa kuwa ban gani ba sai daga baya. Motata ta yi tari biyu ta mutu daidai bayan wata tasi, kamar ta ga gidansu. Direban tasin na kwance a tabarma a inuwar motarsa, da matashin kai, da butar ruwa, da wanki a shanye a ƙofa.

Ya ce, "Sannu da zuwa, maƙwabci."

"Layin me ake yi?"

Ya ɗago ya dube ni da kyau. "Daga wace ƙasa?"

"An ce wahalar mai ta zama tarihi."

"Ta zama. Ga mu a cikin tarihin. Ni har gemu na yi a cikinsa." Ya tashi zaune. "Malam, kai ba ka jin labarai ne?"

Na ce likita ya hana ni. Da na sani na ce kurma ne ni. Mutumin nan ya daɗe a kwance ba shi da sabon kunne, duk maƙwabtansa na layi sun san abin da ya sani. Ya gyara zama ya kwance bakin buhu. Abin da ya tashi, abin da ya ɓace, abin da ya ƙone, wanda aka kama, wanda aka saka, wanda aka ƙara wa girma bayan an sake shi. Na gaba da shi ya leƙo ya cike inda ya manta. Wani mai a-kori-kura ya tsallako titi musamman don ya gyara musu wani wuri. Duk abin da aka cire a ƙofar gidana tare da takalma, ashe ba zubarwa aka yi ba, ajiya aka yi mini, kuma a tsaye na karɓa, cikin rana.

Jijiyar wuyana ta fara kiɗa.

Ana cikin haka aka ji jiniya. Baƙaƙen motoci suka taho a jere, gilashi a rufe, suka wuce mu kamar iska. Labari ya biyo layi cewa sun shiga gidan man ta ƙofar fita. An ɗura musu, sun fito ta ƙofar shiga. Ni dai ban ga laifinsu ba. Da sun shiga layi da mu, ai tsawo zai ƙara. Irin wannan sadaukarwa ba kowa ke lura da ita ba.

Na ce da direban ina da uzuri a gaba. Ya ce, "Bar makulli, in layi ya motsa na tura maka. Amma kada ka sa rai."

Na buɗe lema na taka. Asibiti da ɗan nisa, na bi gefen layin har na wuce gidan man, na haura, na gangara. Na tarar da ƙofa ɗaure da sarƙa. Mai gadi na zaune a benci yana ɓare gyaɗa.

"Sannu, Baba. Likita nake nema."

"Kai da mutane da yawa. Yajin aiki ake."

"An ce an daidaita."

"E, an yi zama, an ɗauki hoto, an ci abinci." Ya hura ɓawon gyaɗa. "Likitocin ne ba a gayyata ba."

"Tun yaushe?"

"Kai kaɗai ne ka zo yau. Kowa ya sani."

Na zauna a bakin kwalbati. Na ciro kwalin magani na girgiza, ƙarar da ya yi ba ta da yawa. Kaina ya yi nauyi kamar an aza mini tulu. Sai na tuna Yaya. Na duba hagu da dama, babu mai kallo sai mai gadi. Na ɗaga hannun dama sama. Na sauke. Ya sauko daidai. Na sake yi don tabbatarwa.

Mai gadi ya ce, "Tambaya gare ka?"

Na ce a'a.

An ce in kunne ya ji, jiki ya tsira. Ni na toshe kunne don jiki ya tsira, ga shi jikin na zaune a kwalbati, ba mota, ba likita, ba gada. Garin neman gira ke nan.

Na kamo hanyar komawa a hankali, ina bin layin ta ɗaya gefen. Can wajen tsakiya na ji an ce, "Mai jarida!"

Wata tsohuwar mota ce, kujera a kwantar, ƙafafu biyu a waje ta taga. Ƙafafun suka koma ciki, kai ya fito. Likitana ne, ba farar riga, da hular hana sallah a ka.

"Ina za ka da lema?"

"Wurinka na je."

"Ai ana yajin aiki."

"Yanzu na ji."

Ya dube ni kamar yadda direban tasi ya dube ni. Ya fito ya buɗe but ɗin motar, ya ɗauko jakarsa. Ya ce tun da 'yan layi suka gane likita ne bai huta ba, har jariri ya duba. Ya zaunar da ni a kujerar gaba, ya ce in yi shiru in numfasa. Ya ɗaura, ya matsa, ya duba. Ya cire tabarau.

"Kana shan maganin?"

"Ban tsallake ba."

"Gishiri?"

"Maman yara ta kore shi."

"Labarai?"

"Ko ɗaya. Sai dai masu daɗi."

"Masu me?"

Na ba shi labarin doka, da ludayi, da tela. Bai katse ni ba. Da na gama ya daɗe yana goge tabarau da bakin riga.

"Wato duk kwanakin nan jawabin manya zalla kake sha, ba sirki?"

"Ba sirki."

"Ko lafiyayye aka yi wa haka sai ya kwanta. Sannan yau abin da ya kamata ka sha cokali-cokali ka kafa kai ka shanye a kwano, cikin rana, a ƙafa."

"Kai ka ce in huta."

"Hutawa na ce. Ban ce ka yi ƙaura ba."

Na tambaye shi abin da awon ya nuna. Ya ce, "Bai kai na Yayanka ba. Amma unguwarsu ɗaya."

A gabanmu wasu direbobi na ta gardama kan ko tankar da aka gani ta mai ce ko ta ruwa.

Na ce, "To kai yaya kake yi?"

"Ina ji. Sau ɗaya, da safe, a tsaye."

"A tsaye?"

"A tsaye. In kana tsaye, ƙafa za ta gaji ta tuna maka kana da aiki. In ka zauna kuwa, sai a gama labarai a shiga sharhi. A kawo mutum biyu su yi ta yi wa juna ihu, kai kuma daga ɗakinka ka zama na uku. Su biyun za su tashi su gaisa su tafi gida. Na ukun ake kawo mini."

"Amma duk da jin naka, ga ka a layi."

"Na san da layi, shi ya sa na zo da matashin kai. Kai da lema ka zo."

Ya karɓi katina ya rubuta sabon magani a bayansa, ya gaya mini kemis ɗin da zan samu. Ya ce in bar motar, in hau babur, in je in kwanta. Ya ce in na ji hannu ko baki ya yi wani iri, kada in tsaya neman ra'ayin maƙwabta, a nufi asibitin kuɗi ko da za a sayar da ƙofar gida. Ya ce in dawo ya sake gwadawa.

"Ina zan same ka?"

"Nan. Ko ɗan gaba kaɗan, in Allah ya yarda."

A kan babur na yi wani tunani. Tun da nake ban taɓa jin an ce labarai sun tayar wa ɗaya daga cikin manyanmu da jini ba, Allah ya ƙara musu lafiya. Ga su nan jajir, wuya ya haɗe da kafaɗa. Na daɗe ina zaton abinci ne. Yanzu na gane sun riga likitana gano magani. Su faɗa suke yi, ji kuwa sun bar mana.

Maman yara na tsaye a tsakar gida da na shigo. Labarin zuciya a tambayi fuska, ita kuwa ta daɗe tana karanta tawa.

"Ina motar?"

"Tana layi."

"Likita fa?"

"Shi ma yana layi."

Ta zauna a kan turmi. "Wallahi, baban yara, layin na sani, gadar ma na yi zargi. Amma yajin aikin nan ban ji ba. Mata in sun gan ni a kasuwa sai su yi shiru, wai kada in kai maka."

"Dokarki ta yi aiki."

"Me ya ce?"

Na gaya mata, har da maganar unguwa ɗaya. Ban rage ba, don na gaji da abin da aka tace. Ba ta yi kuka ba, ba halinta ba ne. Ta karɓi sabon maganin ta karanta kwalin gaba da baya. Ta shiga ɗaki, na ji ƙarar kwaɗo. Ta fito da rediyo tana warin turaren kaya, ta ɗora ta a kan firiji, can sama. Sannan ta ɗauke kujerar da ke kusa ta kai ɗaki, ta dawo ta ɗauke kwandon da mutum zai iya kifawa ya zauna.

"A tsaye ya ce?"

"A tsaye."

"To. Wayar kuma tana wurina har sai an sake gwadawa."

"Aikina fa?"

"Ka rubuta abin da ka gani yau. Ya isa."

Ga shi kuna karantawa.

Ina cire takalmi na ji sallama da gudu. Ka-ji-ko ne, allura soke a aljihun riga, yana haki, fuska kamar wanda aka yi wa haihuwa.

"Bature! Ka dawo? Ya jiki? Ka ji ko? Yanzu-yanzu Mai Girma ya ce..."

"Tela."

"Na'am."

"Na gode da ɗawainiya, Allah ya bar zumunci. Gobe da safe zan ji da kaina."

"Ai wannan mai daɗi ne!"

"Shi ya sa."

Na rufe ƙofa na sa sakata. Daga gobe sau ɗaya zan ji, da safe, bayan magani, a tsaye. Mai daɗi da mara daɗi duk su shigo tare. In aka fara sharhi in kashe in tafi aikina. In babba ya kama lasifika kuwa zan saurara da ladabi har ya gama, don in san abin da ba zai faru ba in shirya masa.